Alwalar Malam Kailani

Ko sallama Sabo bai yi ba. Ya tsaya a bakin rumfar Malam Kailani baduku, a gefen kasuwar Tudun Wada, ya dire ƙwaryar goro a kan kirgin da ake yanka, ya ɗora zanen saƙi a kai, sannan ya jefo takalman mata na jar fata waɗanda Kailani ya ɗinka da hannunsa.

"Ga kayanka. Maijidda ba ta aurenka."

Kailani ya ajiye basilla. Dattijo ne, furfura ta ci rabin gemunsa, matarsa ta rasu shekarun baya, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunansu. Maijidda kuwa ƙanwar Sabo ce, bazawara, tun bara ta fita takaba. Maganar aurenta da Kailani ta yi nisa, ɗaurin aure kawai ake jira bayan kaka.

"Ita ta aiko ka, ko kai ka aiko kanka?"

"Ni ne wanta. Tun da ubanmu ya rasu, bakina shi ne bakin gidan."

"To zauna mu yi magana irin ta manya."

"Ba na zama a tabarmarka." Sabo ya ɗaga murya yadda masu rumfunan kusa za su ji. "Duk zuwan da ka yi zance gidana, ba ka taɓa kai ƙarshen hira ba sai ka ɗauki buta ka zagaya. Ka dawo, ka sake zagayawa. Da, in liman ba ya nan kai ke jan salla, yanzu ka koma sahun baya kusa da ƙofa. Labaran ya gan ka da idonsa a asibitin 'yan mishan, ka ja rawani ka rufe fuska. Wane ciwo ke kai dattijo can a ɓoye, ya kuma hana shi riƙe fitsari? Kowa ya san sunansa. Ciwon sanyi ne. An kuma san lungun da ake ɗebo shi a Sabon Gari."

Labaran ɗin nan helma ne, wato shugaban leburorin layin dogo. Yana da keke, yana da kwat irin ta Turawa, kuma tun Maijidda na cikin takaba yake aika wa Sabo sukari da kananzir.

Tudun Wada a wancan zamani taron baƙi ce, wannan daga Katsina, wancan daga Bauchi, ba wanda ya san kakan wani. Abin da aka faɗa a kan mutum a kasuwa, shi ke zama asalinsa.

"Sabo," in ji Kailani, "ka ji tsoron Allah."

"Kai za ka ji. In ƙarya ake maka, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka zo ƙofar gidana. Liman Salmanu zai zo da Alkur'ani. Ka dafa, ka rantse ba ka taɓa neman matar banza ba. In ka kasa, Labaran zan ba."

Ya juya ya tafi.

Kailani ya so ya bi shi da magana. Yana da abin faɗa cike da baki. Amma a daidai lokacin mararsa ta ɗaure, abin ya matso shi kamar zai tsage. Ya cije, ya yi gumi, ya kasa. A gaban idon kasuwa duka ya miƙa hannu ya ɗauki buta.

Wani ya yi dariya a rumfar mahauta.

* * *

Gaskiyar maganar ba ta haɗa hanya da Sabon Gari ba.

Tun farkon bazara abin ya soma. Fitsari zai matse shi, ya je ya tsuguna, shiru. Sai ya yi ta nishi kafin ya zo, siriri, yana yankewa. Ya yi tsarki ya miƙe, bai yi nisa ba ya ji ɗigo a wando. Barcinsa ya koma guntu-guntu.

Da ciwon ne kaɗai da ya daure. Amma Kailani ya ga mutuwar ubansa a ƙauyensu na ƙasar Katsina. Fitsari ya tsaya wa tsohon cak, mara ta kumbura kamar tulu. Wanzami ya yi ƙaho, mai magani ya yi turare, duk a banza. Mutumin da ba a taɓa jin kukansa ba ya yi ta ihu har rai ya yi halinsa. Kailani ne ya riƙe masa ƙafafu.

Ya sha saiwa, ya sha rubutu. Da abin ya ƙi, ya kama hanyar Wusasa da ƙafa, inda asibitin 'yan mishan yake, ya sami malamin asibiti, Malam Barnabas, Bahaushe Kirista, ɗan mutanen Zazzau. Barnabas ya saurare shi har ƙarshe bai yi ko murmushi ba.

"Baba, akwai wani ɗan nama a ƙarƙashin mafitsara, maza kaɗai ke da shi. In shekaru sun ja yakan kumbura ya matse hanya. Yawanci kumburin tsufa ne, ana zaune da shi, ana kuma rage masa ƙarfi. Wani lokaci kuma mugu ne."

"Nawa wanne ne?"

"Ban sani ba. Likita ne zai sa yatsa ta baya ya taɓa, shi ya san bambancin. Ya tafi rangadi ƙauyukan kudu, ga ruwa ya lalata hanya. Da ya dawo zan zo da kaina in gaya maka."

Daga ranar Kailani bai ƙara samun natsuwa ba. Barnabas ya ce yawanci, ya ce wani lokaci. Kailani ya watsar da yawanci, ya rungumi wani lokaci yana kwana da shi yana tashi da shi.

In bayansa ya sara, ya ce mugun ne ya hau sama. In ya tsuguna, sai ya tsaya yana duban launin abin a cikin ƙasa. Ya rage shan ruwa har leɓensa ya tsattsage. Wani ɗan sarki ya aiko a yi masa sirdi, Kailani ya mayar da aikin, don kada ya mutu da fatar mutane a hannunsa. Duk jana'izar da aka yi a unguwa, sai ya raɓi ɗan'uwan mamacin ya tambaya ƙasa-ƙasa, "Kafin ya cika, bawali yana zuwa masa kuwa?"

Ya yi ta komawa wurin Barnabas har takalminsa ya san hanya.

"Baba, shekaranjiya ma ka tambaye ni. Bai dawo ba. Kuma wa ya ce ka daina shan ruwa? So kake ka haɗa wa kanka wani ciwon?"

"In mugun ne, kwana nawa mutum ke yi?"

"Ba zan amsa maka wannan ba. Ba a ce kana da shi ba. Je ka yi ɗinkinka."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne salla. Kailani mutum ne mai tsantseni a kan tsarki. Da ya ji ɗigo sai ya sake alwala, ya sauya wando, ya dawo ya tarar an yi raka'a. Shi ya sa ya bar gaba ya koma bakin ƙofa. Liman Salmanu maƙwabcinsa ne, kullum suna gaisawa, amma bai taɓa buɗe baki ya tambaye shi hukuncin ba. Irin kunyar nan ce ta maza, wadda ba ta tsare mutunci, sai dai ta bar wa maƙiyi fili ya faɗi abin da ya ga dama.

* * *

La'asar sakaliya, hadari na haɗowa ta gabas, aka yi sallama a zaurensa. Muryar mace.

Maijidda ce, lulluɓe da mayafi, ƙafarta ba takalmi.

"Ba ni takalmana."

"Maijidda, me ya fito da ke? In wanki ya ji..."

"Ya ji mana. A ƙarƙashin gadona ya ɗauke su ina wajen daka. Malam, ba ni kayana."

Ya miƙa mata. Ta kakkaɓe ƙafa ta saka, ta zauna a bakin tabarma, ta dube shi ido cikin ido. Mace ce da ta kusa arba'in, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Gaskiya ne abin da ake faɗa?"

"Ƙarya ne."

"To me ke damunka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba maganar da namiji ke yi da mace ba ce."

"Amma maganar da mahauta ke yi da masu tallan fura ce, ko? Yau a bakin rijiya ba wadda ba ta yi min jaje ba. Kowa a Tudun Wada ya san ciwonka sai ni."

"Ki auri Labaran."

Ta yi kamar ba ta ji ba. "Me ka ce?"

"Yaro ne a kaina, da ƙarfinsa, da albashinsa. Ki aure shi ki huta."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Ashe haka kake. Na zaci dattijo na samu. Labaran da in ya zo zance ba ya maganar komai sai kekensa da Baturensa? Kai ne ka zauna a zauren Yaya ka ce min ka gaji da cin tuwo kai kaɗai. Kai ne ka auna ƙafata da zare. Yau Yaya ya yi maka tsawa a kasuwa, shi ke nan ka sallama ni kamar akuyar da aka yi wa tayi?"

"Ba tsawar Sabo ba ce!"

"To mece ce?"

"Mutuwa nake jin tsoro, Maijidda!"

Maganar ta fita da ƙarfin da bai yi niyya ba. Daga nan bakin ya buɗe. Ya gaya mata nishin, ya gaya mata ɗigon, ya gaya mata ubansa da yadda ya riƙe masa ƙafafu. Ya gaya mata abin da Barnabas ya ce, da likitan da har yau bai dawo ba. Yana magana gemunsa na jiƙewa.

"Kin yi jinyar miji har kin binne shi. Kin yi takaba. In kuma ɗauko ki in sa ki wankin wandona, in bar ki da wata takabar? Wallahi ban ƙi ki ba. Tausayinki nake ji."

Ta bar shi ya gama. Aka fara yayyafi a kan jinkar zaure.

"Likitan ya ce za ka mutu?"

"Na ce miki bai dawo ba."

"Barnabas ya ce za ka mutu?"

"Ya ce wani lokaci..."

"Ya ce za ka mutu?"

"Bai ce ba."

"To wa ya ce? Kai ka ce. Kai ne majinyacin, kai ne likitan, kai ne mai haƙa kabarin. Har ka raba gado, ka ba Labaran ni." Ta ja majina, ta goge fuska da gefen mayafi. "Malam, ni na san jinya. Na san warin ɗakin mai mutuwa. Kai ba warinsa kake ba, warin tsoro kake. Dubi leɓenka. Yaushe rabonka da ka sha ruwa ka ƙoshi?"

Ta tashi ta ɗebo ruwa a randar zaure da moɗa, ta tsaya a kansa har ya shanye.

"In kuma mugun ne fa?" in ji shi.

"In shi ne, shi ne. Tausayina kuma ka ajiye shi, ban roƙa ba. Ranar Juma'a ka zo ka wanke sunanka. Wanda ya mutu da wanda ya rayu, kowa na bukatar suna."

A bakin ƙofa ta waigo.

"In ba ka zo ba, ba Labaran zan aura ba. Amma kai ma ba zan ƙara gaishe ka ba har in mutu."

* * *

Ranar Juma'a ƙofar gidan Sabo ta cika. An shimfiɗa tabarmi a gindin ɗurumi. Liman Salmanu ya zauna a kan buzu, gafakar Alkur'ani a cinyarsa. Labaran ya jingine kekensa inda kowa zai gani. Mata suna cikin zaure, bayan asabari, ana jin motsinsu.

"Malam Kailani," in ji liman, "ka san sharaɗi. Ba a taɓa littafin Allah sai da tsarki. Je ka yi alwala."

Kailani ya koma gefe ya yi alwala a tsanake. Ya taso, ya ratso mutane, ya durƙusa a gaban liman. Liman ya zare littafin daga gafaka ya miƙo. Kailani ya ɗaga hannun dama.

Sai ya ji ɗigon.

Hannun ya tsaya a sama. Ya janye shi a hankali.

"Allah gafarta Malam, bari in sake alwala."

Aka fara ƙus-ƙus. Ya je ya zagaya bayan katanga, ya yi tsarki, ya sake alwala, ya dawo. Wannan karon ko durƙusawa bai gama ba ya sake jin sa. Tsoro ne ke ƙara matso abin, shi kuwa bai sani ba. Ya tsaya, hannayensa a bayansa, yana duban littafin kamar wuta.

"Kun gani!" Labaran ya yi tsalle ya miƙe. "Kun gani da idonku! Hannun ya ƙi zuwa! Wallahi ko Bature ya ga wannan ya san mai laifi."

"Alkur'ani ba abin wasa ba ne," in ji wani tsoho. "Ya fi masa ya ja da baya."

Sabo ya kakkaɓe rigarsa. "Shi ke nan. Allah gafarta Malam, mayar da littafi. Jama'a ku shaida, na ba Labaran..."

Daga bayan asabari aka ji wani sauti, kamar mace ta toshe bakinta da mayafi.

Kailani ya ji shi. Ya dubi taron, mahauta, maɗinka, leburori, mutanen da ya yi shekaru yana ɗinka wa takalma. Ya ga ba sauran abin da zai ɓoye wanda ya kai abin da zai rasa.

"Tsaya, Sabo."

Bai yi ihu ba, amma kowa ya ji.

"Kuna son sanin abin da ya hana ni dafawa? To ku buɗe kunne, kai ma Labaran matso, kada ka ce an rage maka. Fitsari ke ɗigo min. Ni, Kailani, da gemuna. In na tsuguna ba ya zuwa sai da wahala, in na tashi ya biyo ni. Yanzun nan da nake tsaye wandona da danshi. Alwalata ba ta kai ni daga katangar can zuwa tabarmar nan. Ba zan sa hannu a littafin Allah ba tare da tsarki ba, ko da kuwa zan rasa Maijidda, ko da za ku kira ni abin da ya fi wannan muni. Asibiti na je, zan kuma koma. Wani nama ne ya kumbura a ciki, ina jiran likita ya duba ya gaya min ko na tsufa ne ko na ajali. Ubana da shi ya mutu. Tsoro nake ji, ban ɓoye ba. To ga shi nan, ku yi dariyar."

Ba wanda ya yi.

Tsohon nan da ya yi magana ɗazu ya kawar da kai yana gyaran murya. Wani dattijo a gefensa ya dubi ƙasa. Kailani ya lura, ya gane ba shi kaɗai ke tashi da buta a unguwar ba.

Liman Salmanu ya dube shi.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara."

"Yakan ɗauke maka, ko kullum ne?"

"Ya fi rabin yinina."

"Kai, Kailani!" Liman ya buga cinya. "Katanga ɗaya ce tsakanina da kai! Tun bazara kana wahalar da kanka, ka bar min salla ba mai ja, ba ka tambaya ba? Wanda abin ya zame masa lalura, yana fita ba da ikonsa ba mafi yawan lokaci, alwalarsa tana nan. Addini bai ɗora maka abin da ba ka iyawa ba. Kai ka ɗora wa kanka. Miƙo hannunka."

"Allah gafarta Malam, ko da danshin?"

"Ni zan koya maka ko kai za ka koya min? Miƙo!"

Kailani ya ɗora tafinsa a kan littafin. Ya rantse tun da aka haife shi bai taɓa kusantar macen da ba tasa ba.

Aka ɗauki salati. Labaran ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa. Wani mahauci ya ce masa, "To kai me ya kai ka asibitin har ka gan shi?" Aka fashe da dariya, Labaran ya ja kekensa ya koma bayan mutane.

Amma Sabo bai zauna ba.

"Na ji, na kuma janye maganar Sabon Gari. Ka yafe ni. Sai dai da bakinka ka ce ba ka san ko na ajali ba ne. Ƙanwata ta yi jinya ɗaya, ta isa. A jira likita. In ya ce lafiya, a ɗaura. In ya ce akasin haka, kowa ya kama gabansa."

Mutane suka gyaɗa kai. Magana ce mai kama da hankali. Kailani kansa ya ji ta zauna masa, don ita ce wadda ya yi ta faɗa wa kansa tun bazara. Ya buɗe baki zai ce ya yarda.

Aka ɗaga asabari.

* * *

Maijidda ba ta fito fili ba. Ta tsaya a bakin zaure, mayafi ya rufe rabin fuskarta.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

"Ke Maijidda, koma ciki!" in ji Sabo.

"Ba da kai nake ba, Yaya. Malam, bazawara ana yi mata aure ko a hana ta ba da bakinta ba?"

"Ba a yi," in ji liman. "Sai ta furta."

"To na furta. Malam Kailani nake so, kuma yau nake so a ɗaura. Ba bayan kaka ba, ba bayan likita ba. Yau."

"Kin haukace? In mutumin nan ya kwanta fa?"

"In ya kwanta wa zai ɗaga shi? Kai? Yaya, so kake in zauna a ɗakina ina jira Bature ya taɓa shi ya gaya min ko ya isa aure, kamar sa a kasuwar shanu? Mijina na fari lafiyayye ka ba ni, ƙato, ba ya ko tari. Wa ya duba maka shi? Ni ba lafiya na ce ina so ba, mutum na ce ina so. Abin da likita zai faɗa, ya faɗa wa mijina."

"Ni ne waliyyinki, ban yarda ba!"

"In ka ƙi ba da hujja ba, akwai alƙali a birni. Na san hanya, ina kuma da takalmi."

Mata suka yi guɗa a cikin zaure kafin wata tsohuwa ta tsawatar musu. Sabo ya dubi liman yana neman agaji. Liman ya shafa gemu ya ce, "Gaskiyarta ce, Sabo. Ka janye zargin da bakinka. Ciwon da ta sani ta kuma yarda da shi ba hujja ba ne."

Sabo ya zauna daɓas. "Ku yi abin da kuka ga dama. In ta dawo tana kuka, kada wanda ya kira ni." Sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "A aika a sayo goro. Wancan na mayar masa."

Liman ya juyo. "Saura kai, Kailani. Ba a ɗaura wa namiji aure dole."

Duk ido ya dawo kansa. Tsoron yana nan inda yake, bai ragu ba. Ya ga ubansa, ya ga ƙafafun nan a hannunsa. Ya ga kuma matar da ke tsaye a bakin zaure, wadda ta ji komai, mafi muninsa ma, ba ta matsa ko taki ɗaya ba.

"Maijidda," in ji shi, a gaban kowa, abin da dattijo ba ya yi, "ban san abin da ke cikina ba."

"Ni ma ban san abin da ke cikin nawa ba, Malam. Amsa wa liman."

"Na karɓa."

Aka yanka sadaki, aka shafa fatiha kafin ruwa ya sauko.

Likita bai dawo a makon ba, bai dawo a na bayansa ba. Kailani ya koma gaban sahu. Ya aika aka karɓo aikin sirdin nan. Wani yinin yakan wuce bai tuna ba, wani yinin kuma tsoron ya kama shi tun da safe, ya zauna basilla a hannu ba ya ɗinki. In Maijidda ta gan shi haka ba ta lallashi. Takan ajiye masa moɗar ruwa ta ce, "An aiko daga asibiti ne?" Ya ce a'a. Ta ce, "To ɗinka."

Ranar wata Laraba da hantsi Barnabas ya tsaya da kekensa a bakin rumfa.

"Baba, ya dawo. Gobe da safe."

Tare suka tafi, shi a gaba ita a baya, bai ja rawani ya rufe fuska ba. Suka zauna a benci a barandar asibiti.

Barnabas ya leƙo. "Malam Kailani. Inna, ke sai ki jira a nan."

Kailani ya miƙe. Ta kama gefen rigarsa.

"Duk abin da ya ce, ka fito ka faɗa min yadda ya faɗa. Kada ka rage don tausayina, kada ka ƙara don tsoronka."

"In mugun ne fa?"

"In shi ne, ka fito mu tafi gida. Na jiƙa gero, kuma ba ni kaɗai zan sha kunun ba."

Ya saki numfashi, ya yi bisimilla, ya shiga.